Bebaye Biyu Zuwa Jega

Tun asuba Alaba take tari,
janareto na amsa wa janareto.
Ni da Sallau muka ciccibo su daga shagon Ezenwa,
lasifika biyu, kowace ta kawo mini ƙirji.
Sikeli ya ce kilo saba'in da ɗoriya,
bayana ya ce ƙarya ne, sun fi.

Mai su yana Jega, ban taɓa ganinsa ba,
murya ce kawai a waya:
"Ɗantani, kuɗin gonar gado na zuba,
kada ko ƙwarzane."
Na ce to.

Wanda bai sani ba ƙato yake gani,
baƙin katako, ƙarfe a kusurwa,
ya zaci ko daga bene aka jefo shi zai miƙe.
Cire ragar gaban ka duba.
Duk rurin nan mai girgiza unguwa
daga takarda yake fita.
Takarda! Yatsan yaro ya ishe ta.
A bayanta maganaɗisu mai nauyin turmi,
in mota ta faɗa rami
shi zai fizgo kansa ya yaga ta daga ciki.

Kafin a ɗaure sai an gwada.
Ezenwa ya jona waya, ya miƙo mini makirufo.
Kowa "ɗaya, biyu" yake cewa,
ni na ce, "Inna Kulu, kin tashi lafiya?"
Kwanon rufi ya kaɗa,
mai tallan burodi ta waiwayo.
Ezenwa ya ce, "Wace ce?"
Na ce gwaji ne.

Sai leda, don ruwan Ikko ba ya sallama.
Sai soso a kusurwa takwas,
kwali ninki uku,
na haɗa su fuska da fuska, falange a tsakani,
kamar masu gulmar da aka hana magana.
Akwakun katako na ƙera da kaina,
ƙusa ɗaya ta kuɓuce mini,
maganaɗisun ya janye ta,
sai da na kwance rabin aikin kafin na cire.
Sallau ya yi tsaki. Na bar shi ya yi.

Ban rubuta komai a jiki ba,
rubutu ba ya tsayar da yaron mota.
Kibiya na zana, da ƙwai.

A Alaba Rago tirelar da ta kawo albasa za ta koma.
Direba Nagwandu ya so ya sa su a wutsiya,
ya ɗora tayil a kai.
Na ce gaba, bayan kan mota, a tsaye,
tsohuwar taya a ƙasa, igiya huɗu, tamfol.
Muka ja, muka ja,
dubu biyu ta raba gardama.

Da daddare na bi su a zuci.
Badun, Ilori, gadar Jebba,
gargadar Mokwa inda haƙori ke cizon harshe,
Kwantagora, Yawuri.
A Yawuri za su wuce ta bakin layinmu,
dab da rumfar da take suyar ƙosai.
Damina uku ban bi hanyar nan ba.
Ni da na iya naɗe kaya su isa lafiya
na kasa sa kaina a mota.

Kwana huɗu, waya ta yi ƙara.
"Sun iso! Saurara!"
Ya kara ta a bakinsu.
Na sauya zuwa kunnen dama,
na hagun Alaba ta cinye shi tuntuni.
Kiɗa ne, da ihun yara.
Na san takarda ba ta riƙe magana,
amma na ɗan jira.

Sallau ya taɓo kafaɗata:
firiji uku, Gombe,
kuma hadari ya haɗo.